Yadda Na Koya wa Inna Yin Shiru

Shekarar da Baba ya rasu ita ce shekarar da aka gano Inna tana da ciwon suga. Bayan ta fita takaba ne ƙanena ya kira ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Miga, ya ce tsohuwa tana ta ramewa, ba ta rabo da shan ruwa, kuma jiri na ɗibarta idan ta miƙe. Na je ranar Asabar, muka kai ta asibiti a Jahun. Likita ya soki yatsanta ya gwada jinin, ya ɗago ya dube ni, ya shiga jero abubuwan da za ta bari da waɗanda za ta rage. Ina rubutawa a bayan takardar magani kamar ɗaliba, ita kuwa Inna tana kallon fankar da ke juyawa a sama.

Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". Da na fara koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Dutse sai ta samu sauƙi, ta koma ce mini Malama. A bakinta kalmar tana fita da ɗan tsokana, kamar tana tuna mini cewa ita ta goye ni.

A motar komawa gida na ce mata za ta dawo wurina Dutse, inda asibiti yake kusa, inda zan sa ido a kan abin da take ci. Sai da muka wuce gonakin bakin gari sannan ta ce, "To, Malama. Amma da akuyata."

Na ce, "Inna, gidan siminti ne, ina za a sa akuya?"

"Inda za a sa ni."

Haka aka yi. Sauran dabbobin ta bar wa matar ƙanena, ta taho da jar akuya guda ɗaya mai fari a goshi, da buhun harawa, da lauje, da wani tsohon kwanon sha wanda fentinsa ya gama zubewa. Da wannan kwano take kiranta. Za ta zuba dusa da ɗan garin kanwa, ta ƙwanƙwasa gefen kwanon da zobenta sau uku, duk inda akuyar take sai ta taho a guje tana kuka. Maigidana, wanda malamin gona ne, ya kafa mata turke a lungun bayan kicin, amma Inna ba ta son ɗaure ta. Ta ce dabbar da ta saba yawo idan aka ɗaure ta ciwo take yi.

Ina da bishiyoyin zogale guda huɗu a jikin katanga, na dasa su da hannuna, ina ji da su. Cikin mako guda akuyar ta zage su har inda wuyanta ya kai. Ran da na fara kama ta tana tsaye da ƙafa biyu tana jan reshe, na ɗauki muciya na bi ta, ta zagaya gidan da ni sau biyu, ban same ta ba. Sai dabara ta zo mini. Na ɗauko kwanon Inna, babu komai a ciki, na ƙwanƙwasa da cokali. Ta taho da saurinta, ta zura kai, na damƙe ƙahonta na ba ta muciya uku a baya.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, in za ki dake ta ki dake ta, amma ba da kwanona ba. Gobe in na ƙwanƙwasa ba za ta zo ba."

Na yi dariya na ce ai dabba ce, kafin gobe ta manta. Ba ta manta ba. Washegari Inna ta ƙwanƙwasa, akuyar ta ɗago kai ta tsaya daga nesa tana karkaɗa kunne. Kwana tara Inna ta yi tana ajiye kwanon a ƙasa ta ja da baya, kullum tana rage tazarar kaɗan, kafin akuyar ta yarda ta sake ci a hannunta. Ni kuwa ko inuwata ta gani sai ta bar wurin.

Na ci gaba da dukanta duk ran da na same ta a jikin zogalen, har na daina samunta. Ina da wata tsohuwar ƙaramar mota mai fasasshiyar salansa, tun daga bakin titi ake jin tahowata. Kullum na dawo daga makaranta zan tarar da akuyar a kwance a lungunta tana tuƙa, kamar ba ta san akwai zogale a duniya ba. Na ce wa maigidana, "Ka gani ko? Ta ji a jikinta, ta bari." Ya je ya duba rassan, ya dawo yana murmushi. Ya ce, "Ba zogale ta bari ba. Ƙarar motarki ta haddace." Na ji haushin maganar, na ce shi dai kullum sai ya kare ta.

Watannin farko Inna ba ta ɓoye mini komai. Mace ce mai labari. Ina shigowa, kafin na cire hijabi, za ta fara ba ni rahoton yini: wanda ya yi sallama, abin da mai nono ta ce, mafarkin da ta yi da Baba. A cikin irin wannan hira ne ta ce mini maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Ringim da muke kira Hajiya, ta shigo mata da dabino sabon sauka, sun zauna sun ci.

"Guda nawa kika ci?"

"Ban ƙirga ba. Biyar ko shida. Mai laushi ne, Malama, irin wanda yake narkewa a baki."

Na ɗauko abin gwajin suga na soki yatsanta, na ga lambar ta hau. Na yi mata faɗa a tsaye, da muryar da nake yi wa 'yan aji. Ban tsaya nan ba, na yafa mayafi na shiga gidan Hajiya, na gaishe ta, na ce don Allah kada ta ƙara kawo wa Inna wani abin ci, domin kashe ta za a yi da alheri. Na faɗi haka a gaban surukarta da jikokinta. Hajiya ta ce, "Allah ya ba ta lafiya, 'yar nan. Ba zan ƙara ba." Ba ta ƙara kawo dabino ba, ita ma ba ta ƙara shigowa ba. Sai dai su gaisa da Inna ta kan katanga.

Bayan wannan da kamar wata guda, Inna ta ce mini ranar Alhamis da la'asar jiri ya ɗebe ta har ta dafa bango. Ta faɗa ne tana dariya, tana kwaikwayon yadda ta yi tangaɗi. Tun ina yarinya na san ta da azumin Litinin da Alhamis. Na ce daga yau an gama, likita ma ya faɗa. Ta ce za ta riƙa yin sahur mai nauyi. Na ce a'a. Na sa maigidana ya tambayo mata malami, malami ya ce lafiya tana gaba da nafila. Ta karɓa, ba ta yi musu ba, amma ranakun Litinin da Alhamis sai ta yini ba ta da walwala.

Sai maganar ƙafa. Kullum da hantsi takan ɗauki lauje ta fita bayan unguwa, gindin duwatsu, ta yanko wa akuyar ciyawa. A can take haɗuwa da wasu mata masu kiwo, su yi hira irin ta mutanen ƙauye, ta dawo da dami a ka da labari a baki. Wata rana tana wanke ƙafa ta ce, "Ikon Allah, tafin ƙafata kamar ba nawa ba. Ina taka ƙasa kamar na taka auduga." Dama likita ya gargaɗe ni a kan hakan. Na ce fita yankan ciyawa ta ƙare, zan riƙa sayo harawa a kasuwa. Na ɗauke laujen na ɗora a saman kabad ɗin ɗakina.

Duk abin da na hana ta, ina da hujja. Ko yau aka ba wa likita jerin zai ce na yi daidai. Abin da ban lura da shi ba shi ne kowane hani yana biyo bayan wata magana da ta faɗa mini da bakinta. Ba na kama ta da laifi, ita take kawo mini labarin, ni kuma in karɓi labarin in ɗauke mata wani abu. Goro ma haka ya tafi, ran da ta ce zuciyarta tana bugawa da sauri. Furar yamma ta koma rabin ludayi ba suga.

A hankali rahoton yini ya gajarce. In na shigo na ce, "Inna, ya jikin?" sai ta ce, "Lafiya lau, Malama. Ya 'yan makaranta?" In na ce jiri fa, ta ce ya tafi. Ƙafa fa, ta ce da sauƙi. Na ji daɗi. Na kira ƙanena na ce masa tsohuwa ta warware, magani ya karɓe ta, ko ƙorafi ba ta yi. Har na yi masa gori na ce da a ƙauye aka bar ta da yanzu wani zancen ake yi.

Da damina ta kankama sosai sai na ga ta fara sa safa a cikin gida. Na tambaya, ta ce sanyin siminti ne yake shiga mata ƙashi. Na sayo mata guda uku masu kauri, ina ganin na kyauta. Na ga tana ɗan ɗingishi, ta ce gwiwa ce, tsufa. Ta koma yin alwala a banɗaki ta rufe ƙofa, alhali da a bakin famfon tsakar gida take yi. Ta yawaita turaren wuta a ɗakinta. Duk na gani, kowanne na ba shi fassarar da ta kwanta mini.

Ranar wata Talata motata ta ƙi tashi a makaranta, na bar wa bakanike ita. Na tuna na manta takardun jarrabawar da na gyara a gida, ana kuma buƙatarsu kafin azahar. Na hau adaidaita ya sauke ni a bakin layi, na ƙarasa da ƙafa. Ƙaramar ƙofar get a buɗe take, na shiga ba motsi.

Akuyar na fara gani, ta ɗora ƙafafun gaba a jikin katanga tana cin zogale hankali kwance. A gefen turke ga damin ɗanyar ciyawa, da wani sabon lauje da ban san shi ba. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin famfo, ta juya mini baya. Ta cire safar ƙafar dama, ta tsoma ƙafar a roba. Kusa da ita akwai gishiri a murfin kwano da ƙullin garin bagaruwa. Warin ne ya iso ni kafin na ga ciwon. Da ta ɗago ƙafar daga ruwa na ga babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi, tafin ya kumbura yana sheƙi, akwai rami a tsakiya yana fitar da ruwa.

Na ce, "Inna!"

Akuyar ta diro ta ruga lungunta. Inna ta zabura, ta jawo zani ta rufe ƙafar da sauri. Mahaifiyata, mai shekara kusan saba'in, ta dube ni da irin idon da ɗalibata take dubana in na kama ta da satar amsa. Wannan kallon ya fi ciwon tsaya mini a rai.

Na durƙusa na janye zanin. Na ce, "Tun yaushe?"

"Ƙaya ce na taka. Ban ji shigarta ba, sai da na ga jini a takalmi."

"Tun yaushe, Inna?"

"An yi sati uku. Ko huɗu."

"Sati huɗu muna gida ɗaya, kullum ina tambayarki! Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta sunkuyar da kai. Tana kallon ruwan robar. Sannan ta ce a hankali, "Na faɗa miki dabino, Hajiya ta daina zuwa. Na faɗa miki jiri, azumi ya tafi. Na faɗa miki ƙafa, kin ɗauke lauje. Na duba na ga abin da ya rage mini a gidan nan akuyar ce. Na san in kika ji a wajen yankan ciyawarta na taka ƙaya, kasuwa za ki kai ta."

Gaskiya ta faɗa, domin a daidai lokacin da take maganar abin da ke raina ke nan: gobe akuyar nan za ta bar gidan.

A ranar aka kwantar da ita a asibiti a Dutse. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, suka fara da yanke yatsu biyu, bayan kwana goma suka ce ciwon ya haura, dole a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce da an kawo ta a satin farko da wanki da allura sun isa. Bai faɗa don ya ɗora mini laifi ba, tambaya na yi ya ba ni amsa. Ni na sa hannu a takardar. Da za a shiga da ita ɗakin tiyata ta kama hannun maigidana, ba nawa ba, ta ce a tabbata an ba wa akuyar ruwa.

Bayan an sallame ta na yi niyyar gyarawa. Na sauko da tsohon laujen na ajiye a ɗakinta, ko da yake ba inda za ta da shi. Na shiga gidan Hajiya na durƙusa na ba ta haƙuri, ta dawo tana shigowa, Allah ya saka mata. Na bar wa akuyar zogalen gaba ɗaya. Na yi wa kaina alkawari duk abin da Inna ta faɗa zan saurara in yi shiru.

Sau ɗaya ta gwada ni. Ina gyara mata filo da safe ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Jiya na sa suga cokali ɗaya a koko." Ban ce komai ba, wallahi ban ce ba. Amma hannuna ya tsaya a kan filon, idona ya tafi kan kabad inda abin gwaji yake. Ta gani. Ta ce, "Wasa nake yi, Malama." Har yau ban san ko wasan ne ba. Daga nan muka koma lafiya lau.

Na yi tunani da yawa a watannin nan. Shekara ashirin ina koyarwa, ina alfahari ajina ya fi kowane aji shiru, ban taɓa tambayar kaina me shirun yake rufewa ba. Na ɗauka idan na tsananta a kan abu, abin nake kashewa. Inna ba ta daina son dabino ba, ba ta daina fita gindin duwatsu ba. Abu ɗaya tak na yi nasarar raba ta da shi, shi ne faɗa mini gaskiya, domin shi ne kaɗai abin da hukuncina yake biyo baya kowane lokaci ba fashi.

Da kaka ta yi ta ce tana son komawa gida. Wannan karon ban yi gardama ba. Ƙanena ya zo da a-kori-kura, aka ɗora keken guragunta da buhunan kayanta da akuyar, wadda a lokacin ta haifi 'ya'ya biyu. Matar ƙanena ta karɓi jinyar. Yarinya ce mai sanyin hali, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Na koya mata gwajin suga da lokutan magani, na ga tana yi ba hayaniya. In Inna ta ce tana son fura sai ta dama mata kaɗan ta zauna su sha tare, in ta ce wani wuri na ciwo sai ta ce, "Sannu Inna, bari mu gani," ta duba, sannan ta kira mijinta a waje su yi shawara.

Inna ta yi shekara biyu a ƙauye. Duk sati biyu nake zuwa. Takan yi murna da ganina, ta sa a yanka mini kaza, ta tambayi 'yan makaranta. Zuwana na ƙarshe muna zaune a inuwar rumfa da rana, ta yi ta mutsu-mutsu a kujera, can ta ce, "Malama, bayana ke ƙaiƙayi, nan tsakiya inda hannu ba ya kaiwa." Na zura hannu cikin rigarta ina sosa mata, tana cewa sama kaɗan, dama kaɗan, yauwa nan. Na daɗe ina sosawa har bayan ta ce ya isa. A shekara uku wannan ne ƙorafi na farko da ta kawo mini da kanta.

Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, da safe, bayan ta karya. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, matar ƙanena ta same ni a ɗakin Inna ina naɗe kayanta. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen zaninta. Ta ce, "Yaya, akwai abin da nake so ki yafe mini. Wata biyu ke nan ƙirjinta yana mata ciwo. Mun kai ta Jahun sau biyu, an ba ta magani, tana sha. Ita ta ce kada a gaya miki."

Na ce, "Ta faɗi dalili?"

"Ta ce hankalinki zai tashi, ki zo ki mayar da ita Dutse."

Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, na gode mata da ta kai ta asibiti. Ta tashi ta fita wajen baƙi, ni kuma na ci gaba da naɗe zannuwan ina jerawa a akwati.